Kunkurayen ɗana sun daina cin abinci tun da sanyi ya shigo

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna haya a saman bene a Unguwar Dosa nan Kaduna, ba mu da tsakar gida sai 'yar baranda mai kallon gabas. Da daminar da ta wuce surukata Hajiya ta aiko wa babban ɗana, ɗan shekara tara, da 'yan kunkuraye biyu, kowanne bai cika tafin hannu ba. Launinsu irin na rairayi ne, ƙafafun gabansu duk ɓawo mai kaushi, a bayan cinya kuma akwai ɗan tsini. A baho muke ajiye su a lungun kicin, kan tayil, muna ba su latas da kankana da ragowar shinkafa. Tun da hunturu ya kama suka daina ci. Ɗaya ma yini yake ido a rufe, hancinsa na fitar da kumfa, in na danna bayansa sai in ji yana lotsawa. Yaron ya kasa sukuni, kullum sai kuka. Na ce wa maigida mu yi masu wurin kwana da fitila irin wanda na gani a intanet, ya ce ɓarnar kuɗi ce da ta wuta, wai kunkuru ba ya mutuwa, na gidansu ya yi shekara da shekaru yana yawo ba wanda ya taɓa kunna masa fitila. Ga shi ina jin nauyin mayar wa Hajiya da kyautarta. Anti, yaya zan yi?

Wata uwa daga Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro haƙuri. Kafin mu kai ga maganar katako da fitila, wannan mai kumfa a hanci ba na jira ba ne. Kumfar hanci da rufe ido da ƙin ci alamun ciwon numfashi ne a jikin kunkuru, kuma sanyi ne yake jawo shi galibi. Kunkuru ba ya iya tari, halittar ƙirjinsa ba irin tamu ba ce, don haka majinar da ta taru masa ba ta samun hanyar fita, sai ta zauna a huhu. Ki raba shi da ɗan'uwansa yau ɗin nan, ki kai shi wurin likitan dabbobi na ainihi cikin makon nan. In wanda kika samu a gari ya ce bai saba da irin wannan dabba ba, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kusan kilomita 80 daga nan. Abu ɗaya kuma ki riƙe shi gam: kada ki yarda a yi masa allurar da aka rubuta Ivermectin a jikin kwalbarta. Masu kiwo sun saba yi wa tumaki da awaki ita saboda tsutsar ciki da kaska, kuma tana yi masu aiki, amma kunkuru shanye masa jiki take yi, sau da yawa ta kashe shi. Mai shagon maganin dabbobi zai iya miƙo miki ita da zuciya ɗaya, bai sani ba ne. Maganin mutane ma, na zazzaɓi ko na mura, kada a jiƙa a ɗura masa.

Maganar maigida kuwa, ban ce ƙarya ya yi ba. Na yarda na gidansu ya rayu ba fitila. Amma ki tambaye shi, a ina yake kwana? Za ki ji ya ce rami ya haƙa a gindin katanga ko bayan rumbu. Da safe ina yake zuwa? Inda hantsi ke dukan ƙasa. Me yake ci? Ciyawar da ta tsiro a bakin rijiya da ganyen da aka zubar. Wato gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida ya ba shi rana da inuwa da rami da ciyawa, ba tare da kowa ya lura cewa ana ba shi wani abu ba. Ga shi kuma babba ne, jikinsa na daɗewa bai huce ba. Naku 'yan jarirai ne a cikin bahon roba a saman bene, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Cewa kunkuru ba ya mutuwa kuwa ta samo asali ne daga tsawon ransa, don irin naku kan haura shekara 70. Kin tuna wanda ake kira Alagba na fadar Ogbomosho a jihar Oyo, da ya mutu a watan Oktoba na 2019, fadar ta ce shekararsa 344, duk da masana sun yi tababar wannan lissafi. Matsalar ita ce kunkuru ba ya kuka, ba ya nishi, yakan yi watanni yana ciwo kafin kowa ya ankara, shi ya sa ake ganin kamar ba abin da ke damunsa.

Siffar da kika bayar, launin rairayi da kaushin ƙafa da tsinin cinya, ta babban kunkurun Sahel ce, wanda masana ke kira sulkata. Asalinsa bakin hamada ne, tun daga Senegal da Mali da Nijar da can ƙuryar arewacin Najeriya har Cadi da Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, manyan mazansa kan kai kilo 90. Mutane na jin an ce hamada sai su ɗauka zafi da bushewa kawai yake so. A'a. A can daji rami yake haƙawa mai zurfin mitoci, ya shige ciki lokacin da rana ta take da kuma cikin dare, a can ƙasa kuwa akwai laima, zafi da sanyi ba sa wuce kima. Ƙananan ma galibi da damina ake ƙyanƙyashe su, lokacin da ƙasa ke jiƙe, ciyawa na kore. Duk abin da za ki gina, wannan ramin da wannan hantsin za ki kwaikwaya. Amma ki ƙara dubawa: in kika ga bayan ƙoƙon yana da wata gaɓa da ke lanƙwasawa ya rufe ƙafafun baya, to wani iri ne daban, mai son inuwa da damshi, mai cin dodon-koɗi da naman kaza da ƙwari, kuma tsarinsa ba zai zo ɗaya da wannan ba. Wani abin kuma, in kin ci karo da rubutun mutanen Ingila ko Jamus suna maganar sa kunkuru ya yi dogon barcin hunturu a wuri mai sanyi, ba da naki suke ba. Na ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne ke wannan barci. Na Sahel ba ya yi, in ya lafe da sanyi wahala ce yake sha.

Jikin kunkuru ba ya samar da ɗuminsa da kansa. Kamar ƙadangaren da kike gani a kan katanga da sassafe ne, ba ya iya kataɓus sai rana ta gasa shi. In jikin bai yi ɗumi ba, hanji ba ya narkar da abinci, garkuwar jiki ma sai ta yi rauni. Shi ya sa suka daina ci. A Disamba da Janairu sanyin asuba a Kaduna kan sauko wajen digiri 15 a ma'aunin salshiyas, wani lokaci ƙasa da haka, tayil kuma ya kwana yana zuƙe ɗan ɗumin da ya rage a cikinsu ta ƙasan baho. Santsin roba da na tayil ma illa ne, ƙafa ba ta samun abin kamawa, sai ƙaramin kunkuru ya tashi da ƙafafu a warwatse.

Abin da za a yi masu akwati ne na katako mai buɗaɗɗen sama, ba na gilashi ba. A gilashi kunkuru na ganin waje, sai ya yini yana tura hanci yana neman hanya. Falan filawud ɗaya mai kauri, irin mai ƙafa 8 da ƙafa 4 da ake samu a Panteka ko wurin kowane kafinta, shi za a yanka a yi gindi, a ƙara falanki a yi bango. Tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 3, tsayin bango ƙafa ɗaya da rabi. In falon ba zai ɗauka ba, ƙafa 4 da ƙafa 2 shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi, kuma na ɗaya ne, ba na biyu ba. Tsawon nan ba don ado ba ne: ana so gefe ɗaya ya yi zafi, ɗaya gefen ya yi sanyi-sanyi, kunkuru ya riƙa kai da komo yana zaɓar abin da jikinsa ke so. A ƙaramin baho wannan ba ya yiwuwa, ko duka ya gasu ko duka ya sandare. A ce wa kafinta ya sa masa ƙafafu ko a ɗora shi kan benci don ya rabu da ƙasa, ya buga 'yan katakai a saman kusurwoyi huɗu, domin ta kusurwa suke hawa su faɗo, ya kuma yi murfin ragar waya mai manyan idanu irin ta kejin kaji. A shimfiɗa ledar ɗaki ko tampol a ciki har ta hau bango don kada ruwa ya ruɓar da katakon. In an yi fenti, a bar shi a waje har warin ya fita sarai. Tun da ɗaya ba shi da lafiya, a sa allon katako a raba akwatin gida biyu ta tsawo, yadda kowanne zai samu gefen zafi da na sanyi, ko shi marar lafiyar a yi masa nasa daban. Ko da lafiyarsu lau ma, kunkuru ba dabbar zumunci ba ce. In biyu ne a wuri ɗaya, sau da yawa ɗaya ke danne ɗaya, ya tare wurin ɗumi, ya hau kan abinci ya zauna.

A zuba ƙasa mai kaurin inci 4 zuwa 6. Ƙasar lambu ta sama wadda ba a sa mata taki ko maganin feshi ba, a tankaɗe ta, a shanya ta sosai a rana don tururuwa da ƙwari su gudu. Ban da yashi zalla, don yana manne wa abinci su haɗiye ya toshe masu hanji. Ban da garin katako na wurin kafinta, yana shiga ido da hanci. A gefen sanyi ki kifa rabin fasasshiyar tukunyar ƙasa ta zama ɗaki, wani rabin kuma a tsakiya, kusa da ɗumi. Ki tura hannu ki jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinsu, yadda in kin dunƙula za ta haɗu amma ruwa ba zai ɗiga ba. Ki binne kasko marar zurfi daidai da fuskar ƙasa don ruwan sha, wanda za su shiga su fita da kansu. Sai faffaɗan dutse ɗaya a inda fitila za ta haska, wani kuma na zuba abinci, cin abinci a kan dutse yana rage masu tsinin baki.

Fitilar ɗumi ba wata tsiya ba ce. Ƙwan lantarki ne irin na da, mai zare a ciki, ko na halojin, mai wat 60 zuwa 75. Fararen ƙwayayen zamani da ba sa cin wuta haske kawai gare su, ba su da zafi, ba za su yi ba. Masu sayar da kayan kiwon kaji na da wani jan ƙwai mai wat 250 na ɗumama 'yan tsaki, kada ki saya, ya fi ƙarfin wannan akwati. Abin da za ki saya a wurinsu shi ne mazaunin ƙwai na tangaran, don na roba narkewa yake yi, da kuma ma'aunin zafi mai lambobi, zai fi kyau guda biyu, irin wanda ke nuna har da yawan laima. A rataye fitilar da sarƙa ko waya mai ƙarfi a can ƙarshen akwatin, tana kallon dutsen kai tsaye, tazarar aƙalla ƙafa ɗaya daga bayan kunkuru, nesa da labule. Mai gyaran wuta ya haɗa ta, kada a yi jone-jone da salatif. Sannan kada ki yi aiki da ƙiyasi. Ki kunna ta ta yi awa biyu, ki ɗora ma'auni a kan dutsen, a tsayin bayan kunkuru. Ana son digiri 33 zuwa 35 a nan, can ɗaya gefen kuma 25 zuwa 27. In ya wuce, ɗaga fitilar sama, in bai kai ba, sauko da ita kaɗan. Su kansu za su gaya miki ko kin dace. Wanda ya samu yadda yake so, da safe zai fito ya kwanta ƙarƙashin fitila, ya miƙe wuya ya ɗora haɓa a ƙasa, ya baje ƙafafun baya har ki ɗauka wani abu ya same shi, bayan wani lokaci ya tashi ya nufi abinci. In ya yini a ƙarƙashinta bai gusa ba, sauran akwatin ya yi sanyi. In kullum yana can ƙurya yana kartar bango, zafi ya yi yawa. A kunna da hantsi, a kashe da magariba, dare na duhu ne.

Daren ne ma abin ji a hunturu. Ga ƙanana irin waɗannan, kada ɗumin akwati ya yi ƙasa da digiri 24, shi kuwa marar lafiya a riƙe masa 27 zuwa 28 dare da rana har ya warke. Ki matsar da akwatin daga jikin taga da ƙofar baranda, ki rufe kamar kashi biyu cikin uku na samansa da allo ko bargo bayan an kashe fitila ta huce. Akwai wani ƙwan tangaran da ke ba da zafi ba haske, ana samunsa ta oda a intanet, in za ki yi amfani da shi to lallai a haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda aka saita. Na san abin da ke ranki, wutar da ba ta zama. In an ɗauke, ki cika gora ko 'yar jarka da ruwan zafi, ki naɗe ta da tawul, ki jingina ta a bayan tukunyar da suke kwana, ba a jikinsu ba. Tana riƙe ɗumi na awoyi, ki sake wani in kin tashi sallar asuba. Gawayi da risho kuwa haram a kusa da su a rufaffen ɗaki, iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari amma tana kisa, kuma ba kunkuru kaɗai ba.

Yanzu lotsawar baya. Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama haka. Sabon ƙyanƙyasa yakan ɗan yi laushi, amma wanda ya yi watanni ya kamata ya yi tauri. Ƙashi na buƙatar sinadarin kalsiyam, jiki kuma ba ya iya zuƙar kalsiyam daga abinci sai da bitamin D3, shi kuwa D3 fata ce ke haɗa shi in wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga. Ƙwan lantarki na gida ma ba ya ba da shi. Watanni ke nan naku suna lungun kicin, jiki ya rasa yadda zai yi, sai ya koma kwasar kalsiyam daga ƙashi. A nan ne nake ganin bai kamata mu kwafi Turawa ido rufe ba. Su suna kashe maƙudan kuɗi kan fitilun UVB ne don rabin shekara ba su da rana ta kirki. Ke kina Kaduna, kina da baranda mai kallon gabas. Ko da hazo, ranar da ke faɗowa a barandar nan tsakanin ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe ta fi kowace fitila da za ki saya. Ki samu wani faffaɗan akwati ko tsohuwar durowa, ki zuba ƙasa, ki rufe rabinsa ya zama inuwa, ki ɗora raga a sama saboda shirwa da hankaka da kyanwa, ki fitar da su minti 30 zuwa awa ɗaya, kwana huɗu ko biyar a mako. A jira sai iska ta yi ɗumi, a kuma kare su daga kaɗawar iskar hunturu. Inuwar nan wajibi ce, musamman in bazara ta zo a Maris da Afrilu, don ƙaramin kunkuru a fili ba mafaka yana iya mutuwa cikin 'yan mintuna, balle in ya kife. In kika ga yana kumfar baki yana kai-kawo da sauri, zafi ne, ki ɗauke shi nan take. Kada a fitar da su a tafi kasuwa.

Doguwar fitilar UVB, wadda ake yi musamman don dabbobi masu jan ciki, za ta yi amfani ne in marka ta zauna a watan Agusta, ko in aiki ba zai bar ki ki riƙa fitar da su ba. In za ki saya, ki tabbata an rubuta UVB a kwalin, a rataye ta kusa da ta ɗumi bisa tazarar da masu ita suka rubuta, ba gilashi a tsakani, a kuma sauya ta bayan wata 6 zuwa shekara gwargwadon irinta, domin tana ci gaba da haske alhali ƙarfin ya ƙare. Shuɗiyar fitilar duba jabun kuɗi ba ita ba ce. Ta kashe ƙwayoyin cuta da ake sawa a injin tace ruwa kuwa ƙona ido take yi, nasu da naku.

Bushewar hunturu, wadda ke fasa mana leɓe da dunduniya, su ma tana cin su, fitila kuma na ƙara busar da su. Kullum da hantsi a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a roba, iya inda zai taɓa haɓarsu, a sa su ciki minti 15 zuwa 20, wani na tsaye a kai. Za ki ga sun tsoma baki suna sha a hankali, galibi a nan za su yi kashi. Wani farin abu da ke fita tare da fitsari ba ciwo ba ne in yana da laushi. In ya zama gari-gari mai tsakuwa, ruwa ya yi masu kaɗan, kuma wannan iri na saurin kamuwa da tsakuwar mafitsara. Laima na da hannu har a siffar ƙoƙo. Wani bincike da aka yi kan 'ya'yan wannan irin kunkuru a jami'ar likitancin dabbobi ta ƙasar Ostiriya, aka buga a 2003, ya nuna waɗanda aka rena a busasshen wuri bayansu ya fi yin tudu-tudu. In tudun ya fito ba ya komawa. Sai dai ki kiyaye, damshi tare da ɗumi shi ne lafiya, damshi tare da sanyi shi ke kawo kumfar hanci. Kada ki jiƙa ƙasa ranar da kika san ba ki da abin ɗumama dare.

Abinci kuwa, a daina shinkafa da tuwo da burodi da wake. Wannan kunkuru makiyayi ne, ciyawa ce abincinsa. Ɗanyar ciyawa mai laushi daga inda ba a yi feshi ba, a yayyanka ƙanana, a haɗa da ganyen rama, lalo, ganyen kabewa, ganyen dankalin Hausa, ɗan zogale. Alayyafo da yakuwa kaɗan-kaɗan. Latas kusan ruwa ne zalla, kankana da sauran kayan zaƙi kuma ɓata masu ciki suke yi, a bar su. Da rani, in ciyawa ta yi wuya, ki shuka gero ko alkama a tsofaffin robobi a baranda, ki riƙa yankar tsironsu. Ita dawa ki bar ta, ɗanyen tsironta na da guba ga dabbobi, masu kiwo sun san wannan. Ki dafa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka ya yi laushi, ki barbaɗa ɗan kaɗan a kan ganye sau biyu ko uku a mako. Tumfafiya da zurma da zaƙami kada su kusanci akwatin, yara kan tsinko ganye ba su san ko na mene ne ba.

Ki fitar da su daga kicin ko ba don sanyi ba. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsa ba tare da ta dame shi ba, amma tana sa mutum gudawa da zazzaɓi, ta fi tsanani ga ƙananan yara. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da 'yan kunkurayen da ba su kai inci 4 ba tun 1975. A wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa su, robar wankansu daban, kada a wanke ta inda ake wanke-wanke, ƙannen da ba su kai shekara biyar ba kuma su yi kallo kawai. Ɗakin da akwatin yake kada a fesa maganin sauro, kada a zuba fiya-fiya, kada a kunna mai hayaƙi. Murfin raga a rufe shi kowane dare, ɓera na gwaguyar ƙafar kunkuru yana barci.

Shi kuma maigida, kada ki je masa da hotunan intanet, ki je masa da lissafi. Ƙwai mai wat 60 in ya yi awa 10 a kunne bai cinye yunit ɗaya ba, a wata yunit 18 ne, guga ta awa ɗaya da dutsen lantarki ta fi shi ci a yini. Da bazara ma kusan ba za a kunna ba. Sauran kaya falan katako ne da ƙasa da fasasshiyar tukunya. Ki roƙe shi ya ɗauki yaron su je wurin kafinta tare, shi ya ba da awo, shi ya duba aikin. Namiji kan ƙi abin da aka ce masa ya saya, amma abin da ya tsaya aka ƙera a gabansa, shi zai riƙa leƙawa. In ya nace kan cewa dabba ce kawai, ki tuna masa cikin ladabi da hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sau ɗaya ya isa, kada ki mayar da shi wa'azi. Yaron kuma a ba shi aiki maimakon kuka: wankan hantsi a ranakun da ba makaranta, tsinkar ganye, da littafi da zai riƙa rubuta lambar ma'aunin zafi safe da dare, da nauyin kowanne a sikelin kicin duk ranar Asabar. Nauyin da ke raguwa mako bayan mako shi ne alamar farko ta matsala. Ki kuma gaya masa gaskiya, cewa ɗaya na jin jiki sosai, za a yi iya ƙoƙari, amma rai na Allah ne. Kada ki yi masa alkawarin da ba a hannunki yake ba.

Akwatin nan fa na 'yan shekaru ne. In suka samu kulawa, nan da shekara uku zuwa biyar sun fi ƙarfinsa, sun fi ƙarfin bene gaba ɗaya. Saki a daji ba mafita ba ce, wanda ya tashi a gida kan kai wa na daji cuta, kuma dajin Kaduna ba irin ƙasarsu ba ce. Kada kuma a ƙaro wasu. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan iri cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kamu don sayarwa na cikin abin da ya jawo haka, yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ma ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. Don haka maganar Hajiya ba ta mayar da kyauta ba ce. In kun je gaisuwa, ki sa jikanta ya nuna mata hoton akwatin da littafinsa, sannan ki ce, Hajiya, an ce irin manyan nan ne, in sun girma bene ba zai ɗauke su ba, muna roƙon a tanadar masu lungu a gida. Zai yi wuya ta ƙi. Lungun ya kasance mai rana da inuwa, nesa da rijiya da masai, da katanga mai tushe a ƙasa don suna haƙa su ɓulla waje, da ɗan ɗaki busasshe na shiga lokacin marka da sanyi. Ki roƙi kada a huda gefen ƙoƙon a ɗaura igiya kamar yadda wasu ke yi, akwai jini da jijiya a wurin, yana jin zafi. Sai sun doshi tsawon ƙafa ɗaya ake bambance namiji da mace, namiji jelarsa ta fi tsawo, ƙoƙon cikinsa kuma ya loɓa. In duka maza ne, faɗa za su riƙa yi, ɗaya ya kifar da ɗaya a rana, sai a raba lungun da katanga ko a nema wa ɗayan wani gida cikin dangi.